Mai kai abinci ya buge ka a Damagaram: sulhu, asurans ko kotu?

Bara, wajen ƙarfe ɗaya na rana, wani yaro da ke kai abincin wata mai dafuwa ya bugi ƙanwar mahaifiyata da babur a bakin Kasuwar Dole. Kulolinsa suka watse, shinkafa da miya suka malale a kwalta, jama'a suka taru. Inna ta miƙe da kanta, ta kakkaɓe zane. Yaron ya durƙusa jikinsa na rawa yana cewa, "Inna, ki yi mini rai, wallahi birki ne ya ƙi." Ita kuwa ta ce, "Tashi ɗana, ƙaddara ce, Allah ya tsare gaba." Da dare uwar ɗakinsa ta zo gida da jika 15 da kwanon abinci, aka yi godiya, aka shafa fatiha. Kwana huɗu bayan haka wuyan hannun Inna ya kumbura, hoton da aka ɗauka a asibiti ya nuna ƙashi ya tsage. Wata biyu ba ta soya ƙosai ba, kuma da ƙosan take ciyar da gida. Jika 15 ɗin nan ko kuɗin hoto da magani ba su kai ƙarshe ba.

Babu wanda ya cuce ta da gangan. Abin da ya faru shi ne an zaɓi hanya tun kafin a san girman ciwo. Irin wannan hatsari kuwa sai ƙaruwa yake, tunda yanzu ma'aikacin bariki da ɗalibin jami'a da amaryar da ba ta son hura wuta duk sai su aika saƙon WhatsApp a kawo musu abinci. Yaron da ke kawowa galibi kan kowane aike ake biyansa, abinci na hucewa a bayansa, waya na kuka a aljihunsa. Gudu ya zame masa jari.

Hanyoyin neman diyya uku ne: sulhu, kamfanin asurans (abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira inshora), da kotu. Amma akwai takardu biyu da suke gaba da zaɓin, domin in babu su, hanya biyu sun toshe, sulhu kaɗai ya rage maka ko kana so ko ba ka so. Ta farko ita ce konsta, wato rahoton da ƴan sanda ke rubutawa a wurin hatsari, ko jandarmomi in a wajen gari ne, kamar hanyar Mirriya ko ta Magariya. Ta biyu ita ce takardar shaidar likita ta ranar farko, wadda ke faɗin raunin da aka gani da yawan kwanakin da mutum zai yi bai iya aiki ba. Mutanenmu suna ganin kiran ƴan sanda kamar tona wa yaro asiri ne. Ni ban ga haka ba. Konsta ba ta hana yafiya. Kana iya riƙe ta a aljihu ka yafe bayan mako biyu, lokacin da ka san abin da kake yafewa. Ka kuma ɗauki hoton lambar babur da takardar asurans ɗinsa da wayarka, ka karɓi lambobin mutum biyu da suka ga abin, sannan ka yi tambayar da aka fi mantawa: wa ya aiko shi, kuma babur ɗin na wane ne?

Sulhu dai kowa ya san shi. Dattawan ɓangarori biyu su zauna a zaure, ko a je gaban mai unguwa, in abin ya yi nauyi a dangana da fadar Sarkin Damagaram a Birni. Dokar ƙasa ta amince wa sarakunan gargajiya su sasanta mutane a rigingimun da ba na laifi ba, kuma ana iya rubuta takardar sasantawar a sa hannu. Alherinsa a fili yake. Kuɗi na zuwa yau ko gobe, lokacin da mai kantin magani ke jira, ba baɗi ba. Ba ka kashe ko dala wajen neman takardu. Zumunci bai ɓaci ba, a garin da in ka bi salsala wanda ya buge ka ɗan maƙwabcin surukinka ne. Ga wanda ya kuje gwiwa, ko mai motar da aka fasa wa fitila aka loɓa ƙofa, ba na ganin dalilin wuce nan. A kai motar gareji, bakanike ya faɗi kuɗin gyara a gaban kowa, a biya, magana ta ƙare.

Inda sulhu ke ba da kunya shi ne jiki. A zaman sulhu ana auna diyya ne da abin da ke aljihun mai biya, ba da abin da mai ciwo ya rasa ba. Yaron da ke samun ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kowane aike, me zai ba wanda ya karye a cinya? Sai a haɗa abin da ya samu, a ce "a yi haƙuri da wannan", kunya ta hana ka cewa bai isa ba. Ciwo kuma ba ya bayyana duka a ranar farko. Bugun kai yana iya yin shiru sa'o'i ko kwanaki kafin amai da jiri su fara. Karayar da aka kai wa maɗori tana iya haɗewa a karkace, a koma asibiti bayan wata uku a ce sai an yi aiki. A lokacin an riga an shafa fatiha, komawa neman ƙari ya zama abin kunya, in kuma ka sa hannu a takardar da ta ce ka karɓa ka yafe komai, ita za a fara nuna maka. Wani abin da ba a cika sani ba: kamfanin asurans yana da damar ƙin amincewa da yarjejeniyar da aka ƙulla ba da shi ba. Mai babur ɗin da ya biya daga aljihunsa yana zaton za a mayar masa, shi ma yana iya tashi a tutar babu.

Akwai kuma masu cewa karɓar diyya rashin tawakkali ne. A tambayi malamai. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ajiye diyya ga kisan kuskure, a miƙa wa iyalan mamaci sai fa in su ne suka bar ta sadaka. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, diyyar kuskure in ta kai sulusi ba a ɗora wa mai laifin shi kaɗai, danginsa ne ke haɗuwa su ɗauka. Yafiya falala ce ga mai haƙƙin, amma baffa ba ya yafe haƙƙin marayu don a ce gidansu gidan mutunci ne.

Hanyar asurans ita ce wadda mutane suka fi jahilta, kuma ita ce ta fi tsoka idan rauni ya yi girma. Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokar asurans ta CIMA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, dokar kuma ta fara aiki a 1995. Sashe na 200 ya wajabta wa duk abin hawa mai inji ya mallaki asurans na ɓarnar da zai yi wa wasu, kuma babur da adaidaita suna ciki, ba mota kaɗai ba. Idan babur ɗin da ya buge ka yana da takarda mai rai a ranar hatsarin, to abokin maganarka ba yaron ba ne, kamfani ne mai ofis da asusu. Kana da damar tunkarar kamfanin kai tsaye, ba sai mai babur ya yi maka iso ba.

Dokar ta tsaya wa mai tafiya a ƙasa da fasinja fiye da yadda ake zato. Ba a hana su diyyar rauni don an ce su ma sun yi sakaci, misali sun tsallaka titi ba su duba ba, sai dai in da gangan mutum ya jefa kansa. Ko da yaron ba shi da permi, wato takardar izinin tuƙi, kamfanin ba ya fakewa da wannan ya hana wanda aka buge. Zai biya, daga baya ya bi wanda ya jawo abin ya karɓi kuɗinsa. Wanda ke tuƙi kuwa hukuncinsa daban ne. Idan kana cikin motarka kuka yi karo da mai kai abinci, za a duba konsta a raba laifi, kuma gwargwadon laifinka gwargwadon abin da za a rage maka, har ana iya hana ka gaba ɗaya. Shi ya sa zanen da ɗan sanda ya yi a takarda, ina mota take, ina babur ya faɗi, ya fi rantsuwar mutum goma. Kada a janye ababen hawa kafin a zana, sai in ceton rai ya tilasta.

Ga yadda lissafin yake tafiya. Kuɗin magani ana mayar da su ne bisa takardun shaida, don haka kowace ordonansi da kowane rasit na kantin magani da na hoto dukiya ne, a zuba su a leda ɗaya a ɓoye. Kuɗin da aka ba maɗori ba shi da rasit, ba kuma mai mayar maka da shi. Kwanakin rashin aiki ana biyan su idan sun wuce 8. Mai albashi ana duba abin da ya karɓa a wata 6 na baya. Wanda ba ya iya nuna shaidar abin da yake samu, irin Inna mai ƙosai da mai shayi da dako, wato akasarinmu, ana yi masa lissafi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun farkon 2024. Wata uku a kwance ke nan jika 126. Raɗaɗin da mutum ya sha shi ma yana da ma'auni, daga kashi 5 cikin ɗari na mafi ƙarancin albashin shekara ga ciwo mai sauƙi ƙwarai, har zuwa kashi 300 ga wanda ya wuce misali. Albashin shekarar sefa 504,000 ne, don haka matsakaicin raɗaɗi, da aka yanka wa kashi 40, ya kama 201,600. Tabon da ya ɓata kama yana da nasa lissafin. Nakasar da ta zauna kuma likita ne ke auna ta da kashi cikin ɗari, a haɗa da shekarun mutum a fitar da adadi. Idan rai ya salwanta, akwai kuɗin jana'iza da kason mata da ƴaƴa da iyaye.

Kwatanta wannan da jika 15 da kwanon abinci.

Sai dai kada in yi maka daɗin baki. Hanyar asurans tana cin lokaci da takalmi. An ba ƴan sanda har wata 3 su aika wa kamfani kwafin rahotonsu. Kamfanin kuma doka ta yanka masa wa'adin watanni na gabatar da tayin diyya. In ya makara akwai tarar jinkiri a kansa, amma tara ba ta sayen allurar yau. Ofisoshin da ke nan Damagaram rassa ne, manyan suna Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, fayil kuma yakan yi tafiya ya dawo. Za a nemi takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, takardar likita ta farko da ta ƙarshe wadda ke cewa ciwo ya tsaya inda zai tsaya. In mutuwa ce, a nemi takardar rasuwa da ta magada daga kotu. Wanda ba ya karanta Faransanci yana buƙatar ɗan'uwa amintacce a gefensa. A nan ne ƴan kamasho ke shigowa, masu cewa "kawo takardun, na san mutane a ciki", su karɓi wakilci, cek ya fito su yanki rabonsu yadda suka ga dama. Duk wanda zai bi maka fayil, a rubuta ladansa tun farko.

Idan tayi ya zo, ba dole ne ka karɓa a tsaye ba. Kana da damar tafiya da likitanka wurin gwajin da kamfani zai sa a yi maka, da kuɗinka. Ko bayan ka sa hannu, kana da kwana 15 ka janye ta wasiƙa mai rajista idan ka ga ba a bi ma'aunin doka ba. In wa'adin ya wuce ba ka janye ba, kamfani zai biya cikin wa'adin da doka ta yanka masa. Idan wanda aka buge yaro ne ƙarami, uba ba ya rufe maganar shi kaɗai, sai da amincewar alƙali ko majalisar iyali. Waɗannan wa'adodi na raunin jiki ne. Wanda motarsa kaɗai ta lalace, gwanin kimanta ɓarna ne zai duba ta ya yanka kuɗi, kuma kada ka kai ta gareji kafin ya gani.

To, babban cikas ɗin kowa ya san shi: babura nawa ne a garin nan ke yawo da asurans mai rai? Tsaya a kowace mahaɗa ka tambayi ƴan kabu-kabu, amsar za ta ba ka dariya. Dokar kuma ta ce in ba a biya kuɗin asurans ba, babu kariya. Takardar da ta mutu jiya daidai take da babu.

Nan ne tambayar nan ta "wa ya aiko shi" ke yin aikinta. Sashe na 1384 na dokar zamantakewa da muka gada daga Faransa ya ɗora wa ubangida alhakin ɓarnar da yaronsa ya yi a cikin aikin da ya sa shi. Bahaushe ya riga ya faɗa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan gidan abinci ne ya ɗauki yaron, shi ke ba shi babur da mai, shi ke cewa je can dawo nan, to mai gidan abincin yana cikin maganar dumu-dumu, ko da babu takardar ɗaukar aiki a tsakaninsu. Idan kuwa mai dafuwa ce a gida ta tsayar da ɗan kabu-kabu a hanya ta ba shi kula da kuɗin aike sau ɗaya, ɗaure ta da wuya, don ba yaronta ba ne. A nan sai a waiwayi mai babur, domin da yawa daga cikin samarin nan ba nasu suke hawa ba, wani alhaji ne ya saya ya ba su suna kawo masa balas kullum. Akwai kuma na tsakiya: yaron da ke yi wa masu dafuwa uku ko huɗu aike da babur ɗinsa. Wannan shi ne mafi wuyar sha'ani, kuma saƙonnin wayar da ke nuna wa ya tura shi, ina, da ƙarfe nawa, su ne shaidar da za ta raba gardama. Wannan sani yana da amfani ko a zauren sulhu. Zaman da mai gidan abinci ya halarta yana sane da cewa doka na iya kamo shi, ba ɗaya yake da zaman da aka turo yaro da kawunsa su ba da haƙuri ba.

Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma iri biyu ce. Idan akwai asurans, ba ka iya kai kamfani gaban alƙali sai wa'adin tayin nan ya cika ba ku daidaita ba, kuma alƙali ma da ma'aunin CIMA zai yi lissafi. Wanda ke mafarkin kotu za ta ba shi ninkin abin da dokar ta yanka, ya farka. Amfaninta shi ne ta tilasta wa mai jan ƙafa, ko ta gyara inda aka tauye kashin nakasa. Idan babu asurans, rahoton ƴan sanda yana zuwa hannun mai gabatar da ƙara a babbar kotun Damagaram, wanda zai iya gurfanar da direban kan jikkata mutum ba da niyya ba. A wannan shari'ar kana iya tsayawa a matsayin mai neman haƙƙinsa, ka nemi a kira ubangidan yaron a matsayin wanda zai biya. Wanda bai gamsu da hukunci ba, kotun ɗaukaka ƙara tana nan cikin gari, ba sai an je Yamai ba. Lauyoyi dai akasarinsu a Yamai suke zaune, kuma kuɗinsu ba na mai ƙosai ba ne, amma akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a, tana da ofis a manyan kotuna, kuma tambaya a can kyauta ce.

Abin da ke sa ni jinkiri kan kotu shi ne, hukunci takarda ne. Idan wanda aka yanke wa biyan jika 800 ba shi da komai sai babur ɗin da ya rage rabi, ka yi nasara a bakin alƙali ka koma gida hannu rabbana, ga kuɗin wisiye mai zartar da hukunci a kanka, ga yaro wataƙila ya kwana a gidan kaso, ga gaba tsakanin gidaje biyu. Kotu tana da ma'ana ne idan a bayan yaron akwai mai abin hannu da ya ƙi sauraron dattawa.

Shi kansa mai kai abincin, in shi mota ta buge, asurans ɗin motar ne zai bi, tare da cewa shi direba ne, za a duba nasa laifin. Asurans ɗin babur ɗinsa na dole ba ya biyan raunin wanda ke tuƙa shi. In ubangidansa ya yi masa rajista a CNSS, asusun ƙasa na kula da ma'aikata, hatsarin aiki ne, can ma akwai haƙƙi. Waɗanda aka yi wa rajistar a cikin samarin nan dai sai an tona.

Da wani nawa zai tambaye ni yau, ga abin da zan ce masa. Kujewa da ɓarnar ƙarfe, yi sulhu ka huta. Karaya, bugun kai, duk ciwon da zai kwantar da mutum fiye da mako guda, ko rasuwa, in akwai takarda mai rai, bi asurans ko da za a shekara, kuma ba laifi ka karɓi abin da dangin yaron suka kawo na magani a halin yanzu, muddin abin da za a rubuta shi ne "gudummawar jinya", ba "na yafe duk wani haƙƙi" ba. Babban rauni babu asurans, a fara da zaman sulhu amma da mai gidan abinci da mai babur a zaune, a jinkirta yanke adadi sai likita ya faɗi inda ciwo ya tsaya, a rubuta biyan kashi-kashi da ranaku da shaidu a gaban mai unguwa. In suka ƙi, konsta tana hannunka, ƙofar kotu a buɗe take.

Dokar CIMA ta ba wanda aka buge shekara 5 daga ranar hatsari kafin haƙƙinsa ya faɗi, don haka na koma na bincika maganar Inna. Babur ɗin ashe yana da asurans a lokacin, uwar ɗakin yaron ce ma ta nuna mini takardar da hannunta. Amma babu konsta, takardar likita kuma ta kwana huɗu bayan hatsarin ce, ba ta ambaci babur ba, an rubuta faɗuwa ce kawai, domin abin da Inna ta faɗa wa likitan ke nan. Na ce mata, "Inna, ko mu nemo waɗanda suka gani a kasuwa mu gwada?" Ta dube ni tana juya ƙosai da hannun hagu, ta ce, "Ɗan nan, na riga na ce wa yaron ya tashi."